Me ya sa sabuwar motar abokina ta fi jirgin attajiri damuna?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne, albashina yana biya mini buƙata har ina ɗan ajiye wani abu. Cikin shekara guda abokaina uku da muka gama makaranta tare suka sauya mota, tun daga nan tawa ta fita daga raina, alhali lafiyarta ƙalau. Har na fara tunanin cin bashi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ina ganin attajirai da jiragensu ban taɓa jin komai ba. Hassada ce ke damuna ko me? Kuma me ya sa abin bai tashi sai a kan mota da waya da sutura?

Amsa: Ɗan'uwa, a yadda ka bayyana abin, ban ga hassada a ciki ba. Mai hassada so yake ni'imar ta bar hannun mai ita, kai kuwa ba ka ce kana fatan motocinsu su lalace ba. Abin da ya same ka shi ne ma'aunin da kake auna kanka da shi ya matsa gaba, kai kana tsaye inda kake. Masana halayyar ɗan Adam da masana tattalin arziki sun daɗe suna bin diddigin wannan, kuma abin da suka gano zai taimake ka kafin ka sa hannu a takardar bashi.

A shekarar 1954 wani masanin halayya Ba'amurke, Leon Festinger, ya kawo bayanin da har yau ake dogaro da shi. Mutum yana da buƙatar sanin inda yake: shin ina ƙoƙari, shin na ci gaba, shin an bar ni a baya? Wasu abubuwan suna da ma'auni tsayayye, kamar tsawo da nauyi. Amma babu sikelin da zai gaya wa mai shekara talatin da biyar ko ya kai inda ya kamata ya kai. Idan babu sikeli, sai mutum ya waiga ya dubi mutane. Festinger ya ƙara da cewa ba kowa ake duba ba, waɗanda suka yi kama da kai ake duba, domin su kaɗai ne kwatanci da su yake ba da wani labari. Attajirin da ke da jirgi bai gaya maka komai game da kanka ba. Ba ku taso tare ba, ba ku zauna aji ɗaya ba, hanyarsa daban, taka daban. Abokin da kuka rubuta jarrabawa a ɗaki ɗaya kuwa, wanda ka san ka fi shi maki a lissafi, idan ya faka sabuwar mota a gabanka, zuciyarka tana karanta ta kamar sakamakon wata jarrabawar da ba a gaya maka an yi ba. Shi ya sa ta tsara ta fi ciwo. Wani masanin tattalin arziki, Erzo Luttmer, ya bi bayanan dubban magidanta a Amurka, ya wallafa a 2005 cewa idan kuɗin shigar mutum bai canja ba amma na maƙwabtansa ya ƙaru, jin daɗin da yake faɗa da bakinsa raguwa yake yi, kuma abin ya fi ƙarfi ga masu yawan cuɗanya da maƙwabtan.

Tambayarka ta biyu, dalilin da ya sa sai mota da waya da sutura, amsarta a fili take: su ne ido yake gani. Ori Heffetz ya yi wani bincike da aka buga a 2011, inda aka tambayi mutane a Amurka wane irin kashe kuɗi ne za su fi saurin lura da shi a wurin wanda ba su daɗe da sani ba. Mota da tufafi suna can sama, inshora da tufafin ciki suna can ƙasa. Da ya haɗa wannan da yadda gidaje ke kashe kuɗinsu, sai ya ga abubuwan da aka fi gani su ne rabonsu ke ƙaruwa a kasafin gida yayin da samu ke ƙaruwa. Ka lura da kanka a wurin zama da abokai. Kowa ya zo ya ajiye wayarsa da makullin motarsa a kan tebur. Mai sabuwar waya yana ajiye tasa a buɗe, ko bai yi niyya ba. Mai tsohuwa, wadda gilashinta ya tsage a gefe, sai ya kife ta, ko ya bar ta a aljihu, idan an kira shi ya amsa da sauri ya mayar. Babu wanda ya ce masa komai. Wataƙila ma babu wanda ya lura. Amma a hanyar komawa gida ya riga ya fara lissafin wata nawa zai ɗauka kafin ya sauya ta. A wannan teburin babu wanda ya ajiye takardar ajiyarsa ta banki, babu wanda ya ajiye rasidin kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Za ka iya cewa, to wa ya tabbatar kwaikwayo ne? Abokai sukan sami ƙarin girma a lokaci guda, motocinsu sukan tsufa a lokaci guda, dama can kuma masu ra'ayi iri ɗaya ne ke abota. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, ya kuma daɗe yana wahalar da masu bincike. Hanyar da suka samu ita ce su nemi inda arziki ya faɗo wa mutum ɗaya kwatsam, ba don aikinsa ko halinsa ba, sannan su zuba ido su ga abin da na kusa da shi za su yi. Shi ya sa za ka ga suna yawan nazarin waɗanda suka ci cacar tikiti. Ba cacar suke yabo ba, abin da suke buƙata a cikinta shi ne ba ta zaɓen mutum.

A ƙasar Holan akwai wata caca da ake yi da lambar gidan waya ta unguwa. Kowace lamba ta ƙunshi gidaje kaɗan, kusan ashirin. A shekarun da aka yi nazarinta, idan lambar ta fito, duk wanda ya sayi tikiti a cikinta yakan samu Yuro 12,500 a kan kowane tikiti, gida ɗaya kuma ya samu sabuwar mota ƙirar BMW. Wanda bai sayi tikiti ba ba ya samun komai, sai dai ya kalli maƙwabtansa. Peter Kuhn da abokan aikinsa sun bi waɗannan unguwanni, suka wallafa sakamakon a 2011. Mutumin da bai ci ko sisi ba, amma gidansa yana jikin na wanda ya ci, yiwuwar ya sayi mota cikin wata shida masu zuwa ta ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Albashinsa bai ƙaru ba, motarsa ba ta ƙara tsufa fiye da ta mutumin wata unguwa ba. Abin da ya canja kawai shi ne abin da yake gani ta taga. Akwai kuma wani abu a binciken da nake so ka riƙe: mafi yawan waɗanda suka ci BMW ɗin sayar da ita suka yi suka karɓi kuɗi. Wanda aka ba motar kyauta ya ga kuɗin sun fi masa amfani, maƙwabcinsa kuwa ya cire nasa kuɗin ya kai wa dillalin mota.

A Kanada an bi sawun abin har inda yake ƙarewa. Sumit Agarwal da Vyacheslav Mikhed da Barry Scholnick sun haɗa bayanan waɗanda suka ci caca da bayanan waɗanda bashi ya karya har suka kai kansu gaban hukuma. Suka gano cewa gwargwadon girman abin da mutum ya ci, gwargwadon yadda cin bashi da karyewa ke ƙaruwa a tsakanin maƙwabtansa na kusa a shekarun da suka biyo baya. An buga wannan a 2020. Duk lokacin da na tuna shi raina yana sosuwa, domin waɗannan mutane ne da suke zaune lafiya da abin da suke samu, har ranar da sa'a ta sauka a gidan wani.

Adalci ne in faɗa maka ba duk kwaikwayo ne gasa ba. A ƙasar Finlan, Mark Grinblatt da abokan aikinsa sun duba sayen motoci, suka ga lallai mutum yana bin sawun maƙwabtansa mafi kusa, musamman a kwanakin farko bayan sun saya. Sai dai abin ya fi ƙarfi a kan motocin hannu, kuma sau da yawa irin motar maƙwabcin ake saya. Suka fassara shi da cewa labari ne ke yawo: wane ya saya, ya ce ba ta shan mai, ya nuna inda ya samo ta. Wannan koyo ne, kuma babu laifi a cikinsa. Bambancin yana da sauƙin ganewa a zuciya. Mai koyo yana tambayar abokinsa nawa take ci a wata. Mai gasa ba ya son a san ma ya lura da motar.

Binciken da ya fi burge ni a wannan fanni an yi shi ne a Indonesiya, da haɗin gwiwar wani babban banki, Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa suka wallafa shi a 2018. Bankin yana da katin bashi na musamman da ake kira Platinum, wanda sai mai samun kuɗi da yawa ake ba. Aka kira abokan hulɗar bankin a waya. Wasu aka yi musu tayin katin Platinum ɗin. Wasu aka yi musu tayin duk amfanin da ke cikinsa, da yawan bashin da rangwamen da komai, a farashi ɗaya, amma a jikin kati mai kamannin na kowa da kowa. Kashi 21 cikin 100 suka karɓi na farko, kusan kashi 14 suka karɓi na biyu. Launi da suna kaɗai suka raba su. Da aka duba inda ake amfani da katin, sai aka ga masu Platinum sun fi fito da shi a wuraren da ake zama da mutane, kamar gidajen cin abinci, inda za a miƙa shi a gaban abokai. Aka kuma gaya wa wasu masu katin cewa an sassauta sharaɗin samunsa, yanzu masu ƙaramin samu ma za su iya mallaka. Nan take sha'awarsu ta koma kan wani sabon kati da ya fi shi tsauri. Wato darajar katin a wurinsu tana cikin waɗanda aka hana. Sannan masu binciken suka gwada wani abu: suka sa wasu mutane su tuna wani abin alfahari da suka taɓa yi a rayuwarsu kafin a yi musu tayin kayan nuna isa, sai sha'awar kayan ta ragu. Mutumin da ya natsu da kansa a wannan lokacin bai ga buƙatar wani ya tabbatar masa ba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne gishirin maganar, kuma shi ne ya fi shafar ka. Hoton da kake da shi na abokanka uku ba cikakke ba ne, kuma karkatarsa kullum gefe guda take. Saye yana da hayaniya, rashin saye ba shi da ita. Ranar da abokinka ya sayi mota kowa ya sani, an zagaya ta, an yi masa fatan alheri. Ranar da ya fasa sayen wani abu don ya ajiye kuɗin, babu wanda ya ji. Ranar da banki ya cire kason wata na bashin motar daga albashinsa, shi da matarsa kaɗai suka sani. Cikin ukun nan mai yiwuwa ɗaya ya saya da guminsa, ɗaya da bashin shekara huɗu, ɗaya gado ya ci ko ya sayar da fili. Kai mota uku kawai ka gani. Sai ka ɗauki cikakken lissafinka, wanda ka san kowane rami da ke cikinsa, ka gwada da bangon waje na rayuwarsu. Dole ka ga kamar an wuce ka. Su ma haka suke yi da kai a wani fannin, suna ganin abin da ka saya, ba sa ganin abin da ka haƙura da shi. Kowa a cikin rukunin yana ɗaukar cewa sauran sun fi shi yalwa, kowa yana ɗan ƙara kashewa don ya kamo su, ƙarin da ya yi kuma ya zama hujjar da sauran za su gani.

Kafofin sada zumunta sun ninka wannan karkata. A da mutum yana ganin sabon abin mutane goma ko ashirin da yake hulɗa da su, kuma yana ganinsu a ranakun da babu sabon komai. Yanzu yana ganin ranar da ta fi kowace kyau a rayuwar mutum ɗari biyar, a jere, kafin ya tashi daga gado. Ko da kowannensu sau ɗaya a shekara yake sayen wani babban abu, kai kullum sai ka ga wani ya saya. Akwai kuma wani lissafi da Scott Feld ya nuna a 1991: a mafi yawan lokuta abokan mutum sun fi shi yawan abokai, saboda masu jama'a da yawa su ne ke bayyana a jerin abokan kowa. Waɗanda suka fi fita, suka fi shiga taro, suka fi nuna kaya, su ne suka fi cika idonka, alhali ba su ne mafi yawan tsaranka ba. Tsaran naka da ke tuƙa tsohuwar mota irin taka suna nan da yawa, ba sa ɗaukar ta hoto ne kawai.

Abin takaici a wannan tsere shi ne ba a cin sa a taro. Fred Hirsch, a 1976, ya bambanta kayan da amfaninsu ke jikinsu da kayan da amfaninsu ya dogara ga matsayinka a kan wasu. Ya kwatanta shi da 'yan kallo: mutum ɗaya ya yi ɗage zai fi ganin fili, amma idan kowa ya yi ɗage babu wanda ganinsa ya ƙaru, sai gajiyar ƙafa. Idan ku huɗu duk kuka sauya mota, jerinku yana nan yadda yake, sai dai kowa ya rage ajiya. A 1998 Sara Solnick da David Hemenway sun tambayi ɗalibai da ma'aikata a Jami'ar Harvard: ka samu dala 50,000 a shekara sauran mutane suna samun 25,000, ko ka samu 100,000 suna samun 200,000, farashin kaya bai canja ba? Kusan rabinsu suka zaɓi na farko, wato sun yarda su rasa rabin abin da za su iya saya muddin suna gaba. Da aka yi irin tambayar a kan kwanakin hutu, mafi yawa suka zaɓi hutu mai tsawo ko da na wasu ya fi nasu. Ka ga inda asarar take. Abubuwan da ake gasa a kansu suna cinye kuɗi da lokacin abubuwan da ba a gasa a kansu: hutu, barci, zama da iyali, ajiyar ranar rashin lafiya, kuɗin tsufa. Babu wanda zai yaba maka a kan waɗannan, su ne kuma ke riƙe mutum idan rana ta ɓaci.

Tun 1949 James Duesenberry ya lura da wani abu da ya kamata ka sa a lissafi: hawa yana da sauƙi, sauka tana da wuya. Gidan da ya saba da wani mataki na rayuwa, idan samu ya ragu, ajiya yake fara taɓawa kafin ya yarda ya rage abin da mutane ke gani. Mota mai tsada ba kuɗin sayenta kaɗai take ci ba. Tana ɗora maka matakin da daga baya komawa ƙasa da shi zai zama abin magana. Robert Frank ya ƙara da cewa matakin yana gangarowa daga sama: masu kuɗi sosai su ɗaga nasu, na ƙasa da su kaɗan su bi, haka har ya iso ga mai matsakaicin albashi wanda bai taɓa haɗuwa da na saman ba. Marianne Bertrand da Adair Morse sun sami alamar haka a Amurka, inda gidajen da ba masu arziki ba suka fi kashe kaso mai yawa na samunsu a jihohin da samun na sama ya fi hauhawa. Don haka attajirin da ka ce bai dame ka ba yana iya isowa gare ka ta hannun mutum biyar da ke tsakaninku.

Ba na son ka fahimce ni kamar ina cewa duk kuɗin da aka kashe don idon mutane wauta ce. Masanin tattalin arziki Adam Smith ya rubuta a 1776 cewa rigar lilin ba dole ba ce don rayuwa, mutanen da suka gabata sun rayu ba ita, amma a zamaninsa lebura mai mutunci zai ji kunyar fita cikin jama'a ba tare da ita ba. Akwai wani mataki da idan mutum ya faɗi ƙasa da shi, ana rufe masa ƙofa: ba a ɗauke shi aiki, ba a ba shi amana, ba a saurare shi a ofis. Wanda ya sayi sutura mai kyau don ganawar neman aiki jari ya zuba. Wannan nauyi kuma ya fi danne marasa ƙarfi. Kerwin Charles da Erik Hurst da Nikolai Roussanov sun nuna a 2009 cewa a Amurka baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suna kashe kusan kashi 30 cikin 100 fiye da farar fata masu samu iri ɗaya a kan mota da tufafi da kayan ado. Da suka duba da kyau, sai suka ga ba launin fata ne dalili ba. Farar fata da ke zaune a jihohin da farar fata suka fi talauci su ma haka suke yi. Idan mutane suna yi maka kallon talaka saboda rukunin da ka fito, kana da dalilin biyan kuɗi don ka nuna kai ba haka kake ba, kuɗin kuma daga kason ilimi da lafiya da ajiya yake fita. Shi ya sa ba na jin daɗin masu zagin talaka don ya sayi waya mai tsada. Wanda kowa ya riga ya san yana da shi ba ya buƙatar shaida. Wani bincike na 2010 a kan jakunkunan Gucci da Louis Vuitton ya nuna cewa waɗanda suka fi tsada su ne tambarinsu ya fi ƙanƙanta, masu yin jabu kuma masu babban tambari suka fi kwaikwaya. Hayaniyar tambari ta mai neman a yarda da shi ce.

Tunda na ce matsalar rabin hoto ce, za ka yi zaton maganin shi ne a bayyana samun kowa. An gwada, bai yi daɗi ba. A 2008 wata jarida a jihar Kalifoniya ta sa albashin ma'aikatan gwamnati a intanet. David Card da abokan aikinsa suka sanar da wasu ma'aikatan jami'ar jihar cewa shafin yana nan. Waɗanda albashinsu ke ƙasa da na tsakiya a sashensu suka rage gamsuwa da aikin, suka ƙara niyyar neman wani. Na sama kuwa ba su ƙara jin daɗi ba. A Norway, bayan an sa bayanan harajin kowa a intanet a 2001, Ricardo Perez-Truglia ya gano tazarar jin daɗi tsakanin masu samu da marasa samu ta ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100. Sanin albashin wani sabon fagen gwaji kawai yake buɗewa. Dokar hana almubazzaranci ma tsohuwar dabara ce. Rumawa sun kafa wata a shekara ta 215 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ta taƙaita zinaren da mata za su mallaka da irin suturar da za su sa, aka soke ta bayan shekara ashirin. Tajikistan ta kafa tata a 2007, ta ƙayyade baƙin ɗaurin aure zuwa 150. Irin wannan doka tana da amfani guda, tana ba mai ƙaramin ƙarfi uzurin da zai fake da shi. Amma idan an toshe wata hanyar nuna isa, mutane sukan buɗe wata.

Abin da ke hannunka kai kaɗai ya fi wannan sauƙi. Ka fara da tambayar da nake ba duk wanda ya zo mini da irin wannan: da a ce babu wanda zai taɓa ganin motar nan, ba abokanka, ba abokan aiki, ba dangi, nawa za ka yarda ka biya don ka sauya ta? Abin da ka faɗa shi ne darajarta a wurinka. Abin da ya hau kansa kuɗin ido ne, kuma kana da damar ka biya shi idan ka ga ya dace, amma ka biya kana sane. Daga nan ka rubuta cikakken kuɗin a takarda: kason wata, ribar da mai ba da bashi zai ɗora, inshora, gyara, faɗuwar darajarta a shekarar farko. Ka raba da albashinka ka ga wata nawa na aikinka za ka miƙa. Ka kuma ba kanka wata uku. Ɗokin da ido ya haifar yana sanyi idan sabuwar motar abokin ta zama abin da aka saba gani, buƙata ta gaskiya kuwa ba ta sanyi.

Wanda kake kallo ma zaɓi ne, ko da ba duka ba. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a sha'anin duniya mutum ya dubi na ƙasa da shi, ta dace da abin da binciken nan ya nuna, domin ido idan an bar shi sama yake tafiya da kansa, sai an juyo da shi da gangan. Ba ina nufin ka yanke abota ba. Ka rage bin shafukan da ba sa nuna maka komai sai kaya, ka ƙara zama da mutanen da ake girmama juna a cikinsu don ilimi ko sana'a ko hidimar jama'a. Buƙatar a san da kai ba za ta mutu ba, kuma ba aibi ba ce. Wurin da za ka neme ta ne yake da bambancin farashi.

Sannan ka zaɓi ɗaya cikin abokan nan uku, wanda kuka fi shaƙuwa, ka tambaye shi kai tsaye yadda ya biya motar da abin da take ci masa a wata. Ka gaya masa kana tunanin sauya taka ne kana neman shawara. Mutane sun fi yadda ake zato son faɗin gaskiya a irin wannan, musamman wanda kason wata ya fara matsa masa, domin shi ma bai sami wanda zai faɗa wa ba. Idan ya ce da kuɗinsa ya saya hankali kwance, ka taya shi murna, ka tambaye shi yadda ya tara. Idan ya ce bashi ne, ka nemi ya nuna maka takardar, ka karanta adadin da zai biya gaba ɗaya a ƙarshen wa'adin kafin ka je banki neman naka.